Daga injiniyan lantarki zuwa akanta a ATBU

A ƙarshen aji biyu na bar sashen injiniyan lantarki na koma karatun akanta a tsangayar kimiyyar gudanarwa, duk a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi. Makina ba su yi ƙasa ba. Abin da ya ja ni shi ne littafin bashin kawuna a kasuwar Muda Lawal, wanda nake riƙe masa duk hutu. Sai in raba dare ina bin diddigin inda kuɗin buhun masara ɗaya ya shige, ko gajiya ba na ji, amma ranar shiga ɗakin gwaji da ƙyar nake jan ƙafa.

Takardu ba su ba ni wuya sosai ba, don na ci darasin tattalin arziki a WAEC. Nan ne da yawa daga cikin 'yan kimiyya ke maƙalewa. An shigo injiniyanci da lissafi, fiziks da kemistiri, su kuwa can tattalin arziki suke fara dubawa. Wani abokina da muka so tafiya tare sai da ya sake zama jarrabawa saboda shi kaɗai. Sauran aikin yawo ne da fom: shugaban sashen da za ka bari ya sa hannu, wanda zai karɓe ka ya ce akwai gurbi, sannan shugabannin tsangayoyin biyu. Aji biyu aka mayar da ni, wato shekara guda ta tafi.

Gida ne aka sha fama. Tun ina aji ɗaya 'yan unguwa suke kiran mahaifina Baban Injiniya, shi ma yana amsawa da fara'a. Da na faɗa masa bayan sallar isha'i, ya daɗe yana jan carbi kafin ya ce, "To shekarar da ka yi fa, a bakin wa za mu nemo ta?" Ba ni da amsa, kuma bai kamata in yi ta musu da shi ba. Kawu ne ya zo washegari, ya zauna gefen tabarma ya ce, "Yaya, ka bar yaron nan. Ni na san abin da ya tsamo mini daga hannun masu bashi." Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba, amma da lokacin rajista ya yi ya miƙo kuɗin.

Tsofaffin abokaina suna tsokanata wai na gudu daga lissafi. Gaskiya lissafin akanta bai kama ƙafar wanda na baro ba, har ni nake yi wa 'yan ajinmu bitar ƙididdiga. Sai dai akwai abin da injiniyanci bai koya mini ba. A da in ka fitar da amsa ka ja layi biyu a ƙarƙashinta, shi ke nan. Yanzu a dokar kasuwanci ana so ka cika shafi kana bayanin dalilin da ya sa wata yarjejeniya ta tabbata, wata kuma ta rushe. Ga tsarin shigar da kowane ciniki sau biyu, ɓangaren karɓa da ɓangaren bayarwa, wanda waɗanda suka yi kasuwanci a sakandare suka zo da shi a ka, ni kuwa daga tushe na faro. Kuma digirin ba shi ne ƙarshe ba: kamar yadda injiniya ke neman rajistar COREN, hukumar kula da aikin injiniyanci, akanta ma jarrabawar ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci, wato ICAN ko ANAN, na jiransa.

Abu ɗaya da nake nanata wa duk ƙanin da ya tambaye ni shi ne maganar JAMB. Amincewar jami'a ba ta canza abin da ke rubuce a takardar shigarka ta JAMB, kuma in kwas ɗin da ke can ya saɓa da wanda ka kammala, sunanka na iya tsayawa lokacin tura ɗalibai bautar ƙasa. Ni tun a zangon farko na je aka gyara mini. Ka kuma lissafa shekarunka, domin wanda ya haura 30 kafin ya kammala karatu, takardar yafewa ake ba shi, ba ya zuwa sansani.