Shimfiɗar durowar akwatin kayan aiki: inda aikin ya tsaya

'Yan uwa masu koyon gyaran babur da injin ban ruwa, barkanmu da aiki. Akwatin kayan aiki na ƙarfe da na sa mai walda ya haɗa mini ya fito, na goge shi, na shafa masa jan fentin hana tsatsa ciki da waje, ya bushe. Saura abin da za a shimfiɗa a cikin durowoyin, kuma wannan ɗan abin ya fi waldar kanta cin lokaci.

Wani zai ce ina ruwan kile, wato sifana, da shimfiɗa, ai ƙarfe ne. To, ka zuba kile da turnabis, wato sukudireba, a durowar ƙarfe tsirara, ka ja ta da ƙarfi ka tura. Komai zai gangara baya ya taru wuri guda, kile 10 ya shige ƙarƙashin 17, ka yi ta tono mai babur yana tsaye a kanka. Ban da haka, ƙarfe na gugar fenti, fenti ya kankare, tsatsa ta samu ƙofa. Magagari kuwa in yana karo da ɗan uwansa haƙoransa ne ke mutuwa. Saboda haka shimfiɗa aikinta ta riƙe kaya inda aka ajiye su, ta kuma raba ƙarfe da ƙarfe.

Abin da na fahimta shi ne, a nan Damagaram abu biyu ke kashe shimfiɗa, mai da zafi. Nauyin kaya ba ya cikin lissafi sosai. A watan Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40 a inuwa, akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin rumfar kwano kuwa ya wuce nan nesa. Kuma babu bakaniken da ke mayar da kile durowa a wanke tas. Kullum da ɗan baƙin mai ko giris a jikinsa. Duk abin da bai jure waɗannan biyun ba, komai kyansa a kasuwa, kuɗinka ka zubar. Ƙurar hunturu da laimar watan Agusta su ne na biye.

Don haka ban sayi komai da yawa ba. Na bi Kasuwar Dole da shagunan kayan mota na roƙi gutsattsari, wasu na saya da 'yan canji. Kowane iri na yanka shi ƙanana, kamar faɗin akwatin ashana. Kafin in jiƙa kowanne sai in ɗora shi kan takarda in zagaye shi da biro, in rubuta sunansa. Sannan na jera gwangwanayen tumatir, wani da baƙin mai, wani da gazuwal (man dizal), wani da fetur, na tsoma su na rufe. Bayan 'yan kwanaki sai ka tsamo, ka goge, ka mayar kan zanensa. In ya wuce layi ya kumbura ke nan, in ya kasa cika layi ya tsuke. Gwangwanin fetur dai a kai shi nesa da wurin walda da masu shan taba, don Allah. Wasu gutsattsarin kuma na sa su cikin akwatin na danne da babban kile, na rufe na bar shi a rana.

Kwali da sosan katifa ba su kai ga gwangwani ba ma. Kwali yana shan mai ya yi laushi, da damina ya sha laima, kyankyasai su mai da shi gida. Sosan katifa yana shan komai, in ya kwana biyu a zafi sai ya riƙa marmashewa yana manne wa kaya. Kafet ma na ajiye shi gefe: yana riƙe kaya da kyau, amma yana haɗiye yashi da ɓarɓashin ƙarfe, ba ya fita sai da wanki, mu kuwa a garin nan kowa ya san darajar jarkar ruwa.

Robar cikin taya ita ce kowa ya fara ba ni shawara a kanta, don a banza ake samunta wurin masu faci. Ta ba ni mamaki a gwangwanin fetur. Da na tsamo ta ta wuce zanenta ta kowane gefe, ta yi lugub, gefunanta sun nannaɗe, in ka ja ta ba ta komawa da ƙarfinta na da. A gazuwal ma haka, sai dai a hankali. Dalili shi ne ba don mai aka yi ta ba. Masu kyau daga cikinsu da robar butil ake yi, wadda aka ƙirƙiro a Amurka a 1937, kuma abin da ta fi ƙwarewa a kai shi ne hana iska fita. Masu araha kuma da robar itace ake yi. Dukansu biyu mai na shiga jikinsu ya buɗe su. Ga wata matsalar: an ƙera ta a zagaye, ko ka tsaga ta ka danne ba ta yarda ta kwanta sumul, kullum tana ɗaga kai a kusurwa.

Ledar ɗaki da wata shimfiɗa mai huji-huji da ake sa wa a kabad ɗin kwanuka, asalinsu ɗaya, PVC ne. Shi wannan abu a asalinsa mai tauri ne, irin na bututun ruwa, sai an cakuɗa shi da wani mai kafin ya yi laushi. Zafi yana fitar da wannan man a hankali, fetur kuwa wanke shi yake yi. Guntuwar ledar da na tsamo daga fetur, da ta bushe sai ta tsuke ta ƙandare, na lanƙwasa ta ta yi farin layi a wurin. Mai huji-hujin da na bari a rana ta yi danƙo, da na ɗaga kile sai ga shatar ramukanta a jikin fentin durowa. Wannan man da ke fita yakan ɓata ƙotar turnabis ta roba ma in sun daɗe a manne. Kuma ramukan nan ƙofa ce ga ƙura, duk ta zube ƙasa ta kwanta inda ba ka gani. Ga durowar tsumma da takardu ledar ɗaki ta isa, amma ba wurin kile ba, don santsi gare ta.

Inda na fi daɗewa shi ne kan fata, domin ita zuciyata ta so. Garin majema da dukawa ne namu, jar fatar akuya tana da kyau, tana da ƙarko, fetur ba ya narka ta, kuma in ka buɗe durowa ka ga kile jere a kanta abin sha'awa ne. Na kai maganar wurin wani dattijo baduku a unguwar Birni. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, da me muke baƙanta fata?" Na ce, "Da kuloko, Baba." Ya ce, "To, da me ake haɗa kuloko?" Nan na gane inda ya dosa. Kuloko da ƙarfe ake haɗa shi. Fatar da aka jeme da bagaruwa tana ɗauke da sinadarin bagaruwar a jikinta, shi kuma da zarar ya haɗu da ƙarfe da ɗan danshi sai ya koma baƙi. Abin da baduku ke nema da gangan a kan jaka da kube, shi zai faru a durowarka ba ka nema ba.

Na gwada don in gani da idona. Na goge ƙusa da sanfefa har ta yi fari, na ɗiga ruwa kan guntuwar fata, na kwantar da ƙusar, na ɗaure cikin leda. Da safe ga shatar ƙusa baƙi ƙirin a jikin fata tun daga kai har tsini, ita ƙusar kuma ta dushe ta ɓangaren da ya taɓa. Da rani, lokacin da iska ta bushe ƙayau, fata ba za ta yi wa kile mai rufin kurom, farin rufin nan mai ƙyalli, komai ba. Amma fata na shan laimar iska ta riƙe, kuma magagari da kurfi da bakin zarto ba su da wani rufi. Watan Agusta guda ya ishe su. Na bar fata ga abin da ta dace da shi: zan sa a ɗinka mini jakar naɗewa ta fita aiki, wadda kaya ba sa kwana a ciki.

Wadda ta ci gwajin ita ce baƙar roba ta falle da masu gyaran famfo da manyan injuna ke yanka gasket, abin hana yoyo tsakanin ƙarafa biyu, da ita. Ba kowace ba, a nan ne wahalar take. Na samo gutsattsari daga hannu daban-daban, a ido duk ɗaya suke, baƙaƙe, kaurinsu ɗaya. A gwangwanin gazuwal wasu suka kumbura, ɗaya ta fito ta zauna daidai kan zanenta kamar ba a tsoma ta ba. Wannan halin robar nitiril ne, wadda ake rubuta wa NBR. A Jamus aka fara yin ta a shekarun 1930, kuma ita ce a jikin yawancin sil ɗin mai (zoben hana yoyon mai) da tiyon fetur, wato zama cikin mai aikinta ne. Rauninta hasken rana, yana tsattsaga ta in ta daɗe a waje, amma cikin durowa duhu ne, don haka raunin bai shafe mu ba. Mai shago sau da yawa bai san wace iri ce a hannunsa ba, daga Kano aka kawo masa a naɗe, ya ce maka mai kyau ce. Kada ka yi musu da shi, ka karɓi ɗan yanki ka je ka jiƙa, in ta ci ka dawo ka sayi daga wannan naɗin, ba wani ba.

Kaurin milimita 2 zuwa 3 ya wadatar. Fiye da haka nauyi ne kawai, domin murabba'in mita ɗaya na mai milimita 3 yana kai kilo 4, ga shi tana cin tsayin durowa. Tabarmar ƙafa ta mota mai layi-layi ita ce ta biyu a wurina. Ta ɗan kumbura a gazuwal, amma baƙin mai bai yi mata wani abin kirki ba, kuma layukan suna hana turnabis mirginawa. Wanda bai samu ta farkon ba ya nemi tsohuwar tabarmar a wurin masu kayan mota, ya zaɓi inda bai cinye ba.

Abu guda game da baƙar roba: yawancinta da farar wuta ake dafa ta don ta yi ƙarfi, dabarar da Charles Goodyear ya yi wa rajista a 1844. Farar wuta tana baƙanta jan ƙarfe da tagulla da azurfa. Don haka ƙananan kayan kabureta na tagulla da kawunan waya kada su kwanta kai tsaye a kanta, a sa su cikin gwangwani ko 'yar roba mai murfi.

Durowar sama, ta ma'aunin kauri da mitar wuta da ƙananan kaya masu tsada, daban na yi mata. Na sayi sosan nan mai tauri da masu takalma ke yin tafin silifas da shi, EVA. Ramukan cikinsa a rufe suke, ba ya shan ruwa. Na ɗauki falle biyu, ja a ƙasa, baƙi a sama. Na jera kayan kan baƙin, na zagaye kowanne da farin alli, na yanke gurbinsa, sannan na manna shi kan jan. In an ɗauki abu, gurbinsa ja zai tsaya yana kallonka, kafin ka rufe shago ka san abin da bai dawo ba. Masu gyaran jirgin sama haka suke yi wa akwatunansu, don kada a manta kile a cikin inji. Mu namu dalilin ya fi kusa: maƙwabci mai aron kaya. Shi ma wannan soson fetur na ɗan kumbura shi, zafi mai tsanani kuma na sa shi tsukewa, shi ya sa ban kai shi durowar kayan mai ba.

Wajen yanka, kada ku auna durowa ɗaya ku yanka duka da awonta. Akwatin da aka haɗa da hannu, kowace durowa da nata halin. Na yanka kwali ya shiga kowacce daidai, sannan na ɗora kwalin kan roba. Na rage kamar milimita 1 zuwa 2 a kowane gefe, saboda in zafi ya buɗe ta kada ta yi tozo a tsakiya. Kusurwoyi huɗun na ɗan sare su, don akwai tudun walda a wurin. Sabuwar reza da rula ta ƙarfe, a tsoma rezar a ruwan sabulu, a bi layin a hankali ana maimaitawa maimakon a danna a lokaci guda. In robar ta zo a naɗe, a shimfiɗa ta a rana na ɗan lokaci a danne da katako, za ta miƙe.

Ban sa gam ba, kuma ba na ba ku shawarar ku sa. Maigidanmu ya ce in manna don kada ta zame, na ce, "Maigida, a bar ni in gwada haka tukuna," ya ce in ta zame kada in zo masa da kuka. Har yanzu ba ta motsa ba, nauyinta da na kaya sun riƙe ta. Dalilina shi ne laima na iya shiga ƙarƙashin roba ta kwanta, ita roba ba ta numfashi, tsatsa ta yi ta cin durowa daga ƙasa kai kana ganin sama lafiya lau. In ba a manne take ba, sai ka ɗaga, ka share ƙura, ka shafa ɗan mai, ka mayar.

Yanzu dai durowoyin kile da soket da ta sama sun kammala. Ta ƙasa, mai zurfin, inda guduma da manyan ƙarafa za su zauna, har yanzu tsirara take. Ina neman guntun tsohon bel mai faɗi irin na manyan injuna, in na samu shi ma sai ya shiga gwangwani tukuna. Ga magagarai kuma ina tsaga katako in yi musu gurabe, kowanne ya kwanta shi kaɗai. In ruwa ya sauka sosai zan ɗaga shimfiɗun duka in duba ƙarƙashinsu, abin da na tarar zan faɗa muku. Wanda ya taɓa gwada abin toshe kwalba na falle, irin wanda ake gasket ɗin murfin inji da shi, ya gaya mini yadda ya yi da nauyin kile kafin in kashe kuɗina a kai.