Ƙ ɗin da ta ɓace a lebul ɗin yaji

Shekara bakwai kenan ina zanen tambari da kwalin kaya a manhajar CorelDraw, amma wallahi har yau haruffa masu lanƙwasa ke ban wahala. Wata hajiya ta kawo min lebul ɗin yajinta, sunan da Ƙ ya fara, na tura gun masu bugawa ashe kwamfutarsu ba ta da fon ɗina (wato salon haruffan da na yi amfani da shi) sai ta sauya da wani, aka buga 500 da ɗan akwati a gurbin Ƙ ɗin. Raina ya ɓaci sosai, daga aljihuna aka sake bugawa.

Yanzu duk fon sai na gwada ɓ ɗ ƙ tukuna, Noto Sans da Andika suna da su, kuma fayil ɗin PDF nake turawa don kar fon ya sauya.