Tsanin tawul ya yi zafi, banɗaki na nan da sanyinsa

Duk wanda ke zaune a Ingila cikin gidan kansa, yake shawarar cire radiyetar banɗaki, wato ƙarfen da ruwan zafi ke zagayawa a cikinsa yana ɗumama ɗaki, ya kafa irin ƙarfen nan mai siffar tsani da ake rataya tawul a kai, aikin hannun bai kai ya firgita shi ba. Ni ba mai gyaran famfo ba ne, amma na yi shi, kuma har yau ko ɗigo ɗaya bai zubo ba. Inda ake cutar mutum tun wajen saye ne, a cikin wata lamba da ake bugawa da manyan haruffa a jikin kwali. Tawa an rubuta BTU 2,000, wato awon yawan zafin da ƙarfen ke bayarwa. Wannan lambar ce ta sa iyalina suka ci sanyi tun daga Nuwamba har bayan sabuwar shekara, kuma har yanzu in na tuna sai raina ya sosu.

Gidanmu a Manchesta irin tsofaffin gidajen nan ne na jan bulo da suke jere manne da juna, waɗanda aka gina tun kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Bangonsu bulo ne zalla, babu rata a tsakiya da za ta tare sanyi. Banɗakin kuma yana sama, can ƙuryar baya, bango biyu suna fuskantar waje. Banɗakin gidan Musulmi kuwa ba ya samun sararin bushewa: ga alwala, ga buta, ga wankan yara. Tawul kullum a jiƙe, an ɗora shi bisa radiyeta yana zamewa ƙasa. Uwargida ce ta fara kawo maganar tsanin, ni ma na ga hikimar abin.

Tsohuwar radiyetar fara ce mai fuska ɗaya da fukafukai a bayanta, tsayi da faɗi milimita 600. Na duba teburin masu ƙera irinta, na ga tana ba da wajen BTU 2,000. Sai na shiga intanet na nemi tsani mai lamba daidai da wannan, na samu mai ƙyalli na kurom, tsayinsa milimita 1,200, faɗinsa 500. Dubu biyu a nan, dubu biyu a can. Duk mai hankali haka zai lissafa.

Aikin na yi shi a lokacin zafi, sa'ad da ba a kunna ɗumama gida. Na kashe boila, wato injin da ke dafa ruwan ɗumama gida, na bari ruwan ya huce, na jona tiyo a bawul ɗin zubarwa na ƙasa. Tunda banɗakin a sama yake, ba sai an tsiyaye gidan gaba ɗaya ba, da zarar ruwa ya sauka ƙasa da bututun da za ka taɓa, ka rufe. Abu ɗaya zan ja kunne a kai: ruwan da ya kwanta a gindin tsohuwar radiyeta baƙi ne ƙirin kamar tawadar allo, tsatsar ƙarfe ce ta shekara da shekaru, in ta taɓa kafet ba ta fita. Ka toshe bakinta da tsumma, ka juya ta ƙafa a sama kafin ka sauko da ita ta matakala.

Wurin da ya ɗan ci lokaci shi ne bututun. Na tsohuwar radiyeta sun fi nisa da juna, na tsani mai faɗin 500 kuwa tazararsu wajen milimita 450 ce. Dole na ɗaga leda da katakon daɓe guda, na yanke bututun jan ƙarfe na milimita 15, na matso da su da mahaɗan turawa. Huda tayil ba wuya in ka manna tef a wurin, ka kashe bugun guduma na injin hudawa, ka tafi a hankali. Wata dabara da ta yi mini daɗi: kafin ka ɗaure murfin saman tsanin, ta nan za ka zuba maganin hana tsatsa, kwalba guda, da mazurari. Daga nan na buɗe tiyon cikawa har allurar awon matsin ruwa ta boila ta tsaya tsakanin 1 da 1.5, na fitar da iska, na kunna. Ƙarfen ya ɗauki zafi tun daga ƙasa har sama. Ranar na yi murna ƙwarai, don masu aikin famfo a nan ba ƙaramin kuɗi suke caja ba.

Sai sanyi ya shigo. Ka tashi alwalar asuba, ka tarar da tsanin ba ya taɓuwa don zafi, amma numfashinka yana fita da tururi. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Yara suka fara gardamar wanka, madubi ya daina washewa, kafin Disamba ta raba tsakiya fumfuna ta fara tsiro baƙi-baƙi a kusurwar silin, abin da ba mu taɓa gani ba a gidan. Na sake fitar da iska, babu iska. Na buɗe bawul ɗin daidaitawa har ƙarshe, ba abin da ya sauya. Na ɗan rage wa radiyetocin ɗakuna ruwa ko nasa zai ƙaru, sai ɗakunan suka yi sanyi, banɗaki na nan yadda yake. Haɗin ba shi da aibi ko kaɗan, shi ya sa abin ya ɗaure mini kai.

Akwai wani dattijo a masallacinmu, Bahaushen Kumasi ne, ya tsufa a aikin famfo a ƙasar nan. Bayan sallar Juma'a na tare shi, na ce, “Baba, ina da matsala a gida,” na kwashe labari na faɗa masa, na nuna masa hoton kwalin a waya. Bai ko tambayi yadda na yi haɗin ba. Ya ce, “Ɗana, dubu biyun nan, a wane zafin ruwa aka auna ta? Je ka duba ƙananan rubutu, ka dawo.”

Na koma na tono takardar bayanin kayan, can ƙasa na ga an rubuta ΔT60. Ga abin da ke ciki. Zafin da radiyeta ke bayarwa ya dogara ne da tazarar da ke tsakanin zafin ruwan cikinta da zafin ɗakin. Ƙa'idar Turai ta awon radiyeta, EN 442, ta tsayar da cewa ruwa ya shiga a digiri 75, ya fita a 65, ɗaki kuma yana 20. Tsaka-tsakin ruwan 70 ke nan, ka cire 20, saura 50. Shi ne ΔT50, kuma da shi aka auna tsohuwar radiyetata. Tsohon awon Birtaniya kuwa da tazarar 60 yake, wato ruwa mafi zafi, kuma wasu masu sayarwa har yau shi suke bugawa, saboda yana kumbura lambar da wajen kashi 26 cikin ɗari. Ka raba 2,000 da 1.264, ka ga abin da ya rage: kimanin 1,580. Tun kafin in huda bango, kashi ɗaya cikin biyar na zafin ya riga ya tafi.

Ba a nan abin ya tsaya ba. A 2022, da kuɗin gas ya yi tashin gwauron zabi bayan Rasha ta mamaye Yukren, wata ƙungiya mai suna Nesta ta yi ta kira ga masu boila irin tamu, wato kombi mai dafa ruwa nan take babu tanki, su sauke zafin ruwan ɗumama gida zuwa digiri 60 ko ƙasa. Shawara ce mai kyau, domin irin waɗannan boila sai ruwan da ke dawo musu ya sauka ƙasa da wajen digiri 55 suke kama tururin hayaƙinsu su tatsi zafin da ke ciki. Na bi shawarar, kuma na ga amfaninta a takardar kuɗin gas. To amma ruwa mai shiga a 60 yana fita a 50, tazarar ta koma 35, kuma a wannan tazarar radiyeta ba ta ba da fiye da kashi 63 cikin ɗari na lambarta ta ΔT50. Tsanina mai 2,000 a kwali, a bangon gidana bai wuce BTU 1,000 ba, wato ƙasa da wat 300. Gaskiya ita ma tsohuwar radiyetar ta ragu a wannan zafin, ta koma wajen 1,260, amma da shi take riƙe ɗakin, da kyar dai, kuma fukafukan bayanta suna tura iska mai ɗumi sama ko da an ɗora mata tawul.

Shi kuwa tsani aikinsa ke nan a lulluɓe shi. Tawul huɗu masu kauri, jiƙaƙƙu, sun rufe sanduna kusan duka, ɗan zafin da ya rage yana ƙarewa ne wajen busar da su, danshin kuma yana tashi ya kwanta a bango mai sanyi. Ga tushen fumfunar.

Da na koma wa dattijon da lissafina, ya ƙara mini da maganar ƙyalli. Ya ce, “Da mai farin fenti ka saya, girman nan dai, da ka samu ƙarin wajen kashi ɗaya cikin huɗu.” Ƙarfe mai sheƙi ba ya sakin zafi ta hanyar haskawa yadda mai fenti yake yi, yana riƙe shi ne a jikinsa. Shi ya sa yake ƙona hannu alhali wanda ke tsaye taku biyu daga gare shi ba ya jin komai. Kuma shi mai ƙyallin ne ya fi tsada a shafin da na saya.

Na kira masu kayan. Yarinyar da ta ɗauka ta yi magana da ladabi, ta ce kayan da aka riga aka ɗaura, ruwa ya shiga, ba sa karɓa, kuma ai an rubuta ΔT60 a takardar bayani. An rubuta ɗin, ba ƙarya ta yi ba. Amma a shafin sayarwa, inda mai saye ke kallo yana kwatanta wannan da wancan, 2,000 ce kawai tsirara, babu komai kusa da ita. Wanda ya tsara shafin ya san sarai da wace lamba mutane za su kwatanta. Wannan shi ne abin da ban yafe ba. Da tsada suka saka, na gani da idona na saya, da babu ƙorafi. Amma a ba ka awo da mudun da ba shi ake amfani da shi a kasuwa ba, a ɓoye bayanin a shafi na ƙarshe, ni a wurina cin amana ne ko da doka ba ta kama kowa ba.

Hanyoyin gyara uku ne. In ƙara wa boila zafi, wato in ƙona gas na gida guda saboda ɗaki ɗaya, wannan ban yarda ba. Ko in sa sandar lantarki a cikin tsanin, wanda ke da amfani a lokacin zafi in an kashe ɗumama gida, amma wutar lantarkin banɗaki a Ingila tana ƙarƙashin sashen P na dokar gine-gine tun 2005, aikin ƙwararren mai lantarki ne, ruwa da wuta ba wurin gwajin hannu ba ne. Na ɗauki ta uku: na sayi farin tsani mai tsayin milimita 1,600, faɗinsa 500 kamar na farko don kada in sake ɗaga katako, lambarsa ta haura 2,500 kuma an rubuta ΔT50 ƙarara a gefenta. Sai da na aika saƙo suka tabbatar mini a rubuce kafin in biya. An sake tsiyaye ruwa, an sake sayen maganin tsatsa, an sake huda tayil, tsofaffin ramukan na cike su amma ana ganin tabonsu.

Da wannan ɗakin ya dawo hayyacinsa. Na kafa ƙugiyoyi a bayan ƙofa, tawul ɗin da ya bushe ya koma can, sandunan ƙasa kuma mun bar su a buɗe kullum. Fankar fitar da tururi na gyara ta ta riƙa ci gaba da juyawa na ɗan lokaci bayan an kashe fitila. Fumfunar da na goge ba ta dawo ba.

Duk ɗan'uwan da ya tambaye ni yanzu, abin da nake gaya masa shi ne ya fara da ɗakin kafin kasuwa. Ya auna tsayi da faɗi da bisa, ya ƙirga bangon da ke fuskantar waje, ya dubi tagar, ya sa a manhajar lissafin zafi, akwai su kyauta a intanet. Sannan ya dubi digirin da boilarsa ke kai a zahiri. In lamba ba ta da ΔT50 a kusa da ita, ya ɗauka babu lamba. In banɗakin babba ne ko yana da bango biyu a waje irin nawa, ya ƙara kaso mai kauri saboda tawul, ko ma ya bar radiyetarsa inda take ya kafa ƙaramin tsani daban. Mai haya kuwa kada ya taɓa komai sai mai gida ya amince a rubuce.

Mai ƙyallin na sa shi kasuwa a Facebook, na rubuta BTU 1,580 a ΔT50, na ƙara da cewa ba zai ɗumama babban banɗaki ba. Ya daɗe ba wanda ya taya. Daga baya wani mutum da ke neman abin sawa a ɗan ƙaramin bayan gida na ƙarƙashin matakala ya zo ya ɗauka, a ƙasa da rabin kuɗin da na biya.