Hoton Hajiya ya fito ta cikin gilashi

Jama'a, ya fito! Jiya wajen ƙarfe 11 na dare na duba bayan kyamara na ga fuskar Hajiya tas, babu ƙyalli ko ɗigo. Mako 3 na yi ina fama da hoto ɗaya tak.

Waɗanda muke zagayen ɗaukar hoto tare a Gamji ranar Asabar kun san labarin. Hoton kakata ne, fari da baƙi, wani mai hoto a Tudun Wada ya ɗauke ta da ƙaramar Sallah, an rubuta 1974 da biro a bayansa. Dodon hoton ya daɗe da ɓata, wannan kaɗai ya rage. Laimar damina ta yi shekara da shekaru tana shiga firam ɗin har fuskar hoton ta manne da gilashi. Na ɗan ɗaga gefe ɗaya in gwada, sai fatar hoton kamar ƙwayar gero ta ɓalle ta zauna a jikin gilashin. Gabana ya faɗi. Don Allah duk wanda ya ci karo da irin wannan kada ya ja, ta cikin gilashin za a ɗauka.

Gilashin bai ba ni wahala ba: fitila 2 masu caji hagu da dama a digiri 45, baƙin mayafi mai huda a gaban kyamara, shi ke nan. Abin da ya hana ni barci shi ne duhun hoton. Duk inda ya kamata ya zama baƙi, wato ɗankwalinta da labulen baya da gefuna, sai ya riƙa sheƙi shuɗi-shuɗi kamar bakin wuƙa. Da farko na zaci datti ne. Ashe azurfar hoton ce. Hoto fari da baƙi na wancan zamani ƙananan ƙwayoyin azurfa ne a cikin fatar takarda, laima da iska kan sa su taso sama su kwanta kamar madubi, kuma sun fi yawa a wurin duhu. Na kwana 2 a kan kwamfuta ina dusashe shuɗin, abin da na samu tabo ne kawai, tunda kyamara ba ta ga abin da ke ƙarƙashin sheƙin ba balle ta ajiye shi.

Sai na sayi filtar kashe ƙyalli, CPL, naira 21,000. Mai faɗin milimita 58 na ɗauko, alhali idon kyamara (lens) 50mm ɗin da nake aikin da shi bakinsa milimita 49 ne. Sai da na ƙara kuɗin zoben haɗi, na jira kwana 9 ya iso daga Legas. Na ɗaura, na juya, na sake juyawa, azurfa ko gezau. Ranar har kyamarar na rufe a akwati don takaici.

Dalili kuwa, filta a bakin kyamara kaɗai tana rage ƙyallin gilashi da na ruwa, amma ba ta iya na ƙarfe, azurfa kuma ƙarfe ce. Dole hasken ma a tace shi tun daga fitila. Wani mai gyaran kwamfuta ya ba ni mataccen allon laftof kyauta, na ɓare ledar nan mai duhu da ke fuskarsa, wadda ita ma filtar tace haske ce, na raba biyu, na rufe fitilun. Saitin ne ke son haƙuri. Na ɗora cokali a kan gilashi, na kunna fitila ɗaya, na juya filtar kyamara har cokalin ya yi baƙi. Na kashe ta na kunna ta biyu, ban sake taɓa kyamara ba, ledar fitilar na riƙa juyawa har cokalin ya sake yin baƙi. Haske ya ragu sosai, sai da na bar idon kyamara a buɗe daƙiƙa 8, kyamara a kan ƙafarta.

Da sheƙin ya kau, sai ga rediyo a kan tebur kusa da gwiwar hannunta. A can gefen dama kuma, yatsu 4 riƙe da labule. Da safe na kai mata waya. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Angona, wannan rediyon na mai hoto ne, mu lokacin ina muka ga rediyo? Yatsun kuwa na ƙanena ne, shi aka sa ya riƙe zane." Shekara 12 ke nan da rasuwarsa, kuma ba mu da hotonsa na yaranta ko ɗaya.

Na daɗe ina sha'awar aikin Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagon hoto a Bamako a 1948, yana ba mutane aron rediyo da agogo da babur su tsaya da su a gaban zane mai ado. Yau hotunansa na rataye a manyan gidajen tarihi na Turai da Amurka. A ganina mai hoton Tudun Wada irin tunanin ya yi, dubi yadda ya karkatar da kafaɗarta wajen haske.

Saura matsala biyu: tacewar ta sa baƙin ya yi nauyi fiye da na ainihi, shi ya sa na ajiye kwafin mai sheƙi don in daidaita da shi. Ledar kuma ta yi wa babban firam ɗin Alhaji kaɗan. Wanda ke da mataccen allon talabijin ya taho da shi Gamji ranar Asabar.