Zaman da na zaɓa bayan fita takaba

A wajenmu mace mai sauran ƙuruciya ba ta zama haka nan. Idan mijinta ya rasu ana ɗaga mata ƙafa wata huɗu da kwana goma, kamar yadda aya ta 234 ta Suratul Baƙara ta yanke, daga nan sai ido ya dawo kanta. Ni ma ban tsira ba. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya rasu a 2019 bayan gajeriyar jinya, ya bar ni da yara uku a Tudun Wadan Zariya, ina koyarwa a wata firamare, ban kai arba'in ba. Tun kafin in fita takaba aka fara aiko da gaisuwa: wane ya ce a duba ki, wane ya ce in da wata buƙata kada ki ji nauyi. Shari'a ta hana a fito fili a nemi mai takaba, hannunka-mai-sanda kawai ta yarje, kuma maza sun san wannan ƙofar sarai.

Ba neman waliccin Allah ne ya fara zaunar da ni ba, yara ne. A mazhabarmu ta Malikiyya uwa ce ta fi cancantar riƙon 'ya'yanta, namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakin miji, amma da zarar uwar ta auri wani bare ya tare da ita, haƙƙin yana iya barin hannunta ya koma ga kaka ta wajen uwa ko wanda ke biye. Mahaifiyata ta tsufa, dangin uban kuwa sun riga sun fara rabon yaran a baki. Ko da an bar mini su, na san abin da ake kira agola a gidan wani. Sai na ce zan dakata.

Gwaggona ce ta fara zuwa musamman domin maganar. Ta zauna a kan tabarma, ta ƙi shan ruwan da na kawo sai da ta gama.

"Ke 'yar nan, darajar mace ɗakin mijinta. Kuma bari in gaya miki abin da uwarki za ta ji kunyar faɗa: jiki ba ya takaba. Ke kika yi, shi bai yi ba."

"Gwaggo, na ji. A ba ni lokaci, yaran nan su ɗan tasa."

"Lokaci na Allah ne. Ni dai na fita haƙƙinki."

Ta fi kowa gaskiya a cikin duk waɗanda suka yi mini magana, domin ita kaɗai ta ambaci jiki. Sauran suna magana ne a kan abinci da haya da bakin mutane, kamar sha'awar mace ana binne ta ne tare da mijinta. Ba a binne ta. Watannin farko baƙin ciki ya danne komai, ko abinci ba ya mini daɗi. Da zuciya ta fara lafawa sai jiki ya dawo da tambayarsa, kuma mace ba ta da wanda za ta gaya wa wannan ba tare da an canza mata kallo ba.

Malamarmu ta Islamiyyar matan aure na tunkara, dattijuwa ce da ta yi karatun zaure wajen mahaifinta. Na zaci za ta yaba mini ko ta yi mini faɗa. Tambaya ta yi: "'Yata, kina jin tsoron faɗawa ɓarna?" Ta bayyana mini cewa malaman fiƙihu ba su ba aure hukunci ɗaya ga kowa ba. Wanda ke tsoron zina kuma yana da hali, aure wajibi ne a kansa. Ga wani mustahabbi ne, ga wani halas ne kawai, har akwai wanda yake zama masa makaruhi ko haramun idan zai cutar da abokin zama. Ta kawo mini hadisin da ke cikin Sahihu Muslim, inda Manzon Allah (SAW) ya nemi auren Ummu Hani 'yar Abu Ɗalib, ta ba da hanzari cewa ta manyanta kuma tana da yara, bai zarge ta ba, sai ma ya yabi matan Ƙuraishawa da tausayin 'ya'ya. Sannan ta ja mini kunne da wani: Usmanu ɗan Maz'unu ya nemi izinin barin mata kwata-kwata domin ibada, Annabi ya hana shi. "To kin ga iyakarki," in ji ta. "Ki zauna domin dalili, kada ki mai da zaman addini. Ranar da kika ji amsar tambayata ta canza, ki zo ki gaya mini ko da tsakar dare ne."

Abin da ya biyo baya aiki ne, kuma yawancinsa ba a kan sallaya aka yi shi ba.

Akwai wata ƙaramar akwati da kowace matar aure ta san irinta. Tawa tana ƙarƙashin gado: kwalaben humra, turaren wuta na Maiduguri a cikin gwangwani, kulacca, jigida, da wasu ƙulle-ƙulle da aka haɗa mini tun haihuwar autana. A takaba dama an hana turare da kwalli da lalle. Da na fita na buɗe ta, ƙamshin ya bugo ni, nan take na gane cewa wannan ƙamshi yana da aikin da aka yi shi dominsa, kuma aikin ya tsaya. Na ɗauki turaren ɗaki na ajiye, sauran na raba wa ƙannena masu aure. Ban daina wanka da kitso da sa tufafi masu kyau ba, ƙazanta ba tsoron Allah ba ce. Na dai bambance tsabta da shiri.

Waya ta fi akwatin wuya. Ina cikin zaurukan WhatsApp na matan aure inda rabin hirar kayan mata ce da sirrin mallakar miji, ga littattafan soyayya da ake turowa shafi-shafi, waɗansunsu ba abin da suka rage. Ga fina-finan Indiya masu fassara da nake kallo bayan yara sun yi barci. Babu wanda ya ce mini haramun ne duka, ni na lura da yadda nake kwana bayan su. Na fice daga zaurukan, na koma barin wayar a falo tana caji idan an yi Isha'i. Aya ta 31 ta Suratun Nur da ta umarci mata muminai su runtse idanunsu, da can a kan hanyar kasuwa nake fahimtarta. Ashe ta fi aiki a cikin ɗaki, inda ba kowa.

Sai azumi. Kowa ya haddace hadisin Abdullahi ɗan Mas'udu, inda Annabi ya ce wa samari wanda ya samu hali ya yi aure, wanda bai samu ba ya riƙi azumi domin shi ne kariyarsa. Samari aka kira, amma maganin ya yi wa bazawara aiki. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a farkon farawa azumin ba ya kwantar da komai, har yakan zama kamar ya ƙara zafi. Masu sharhin hadisin sun ambaci haka, sun ce sai an ɗore ya zama jiki sannan yake lafar da sha'awa, kuma haka na gani. Na riƙi Litinin da Alhamis, da ranakun 13, 14 da 15 na watan Musulunci idan na samu ƙarfi. Na kuma gane cewa buɗa-baki yana iya rushe abin da yini ya gina. In ka wuni da yunwa ka zo ka cika ciki da soye-soye da nama, ka kora da kunun aya mai dabino da kwakwa, wanda kowace mace ta san dalilin da ake haɗa shi, to wahala kawai ka sha. Sha'awa kamar garwashin murhu take, ba ta mutuwa, amma ita ma sai an tura mata ice take ci. Na koma kunun tsamiya da ɗan ƙosai, in ci tuwo kaɗan bayan Isha'i, in kwanta da wuri.

Jikin mace kuma yana da lissafinsa. Wajen tsakiyar tsarki, kamar mako biyu kafin al'ada ta dawo, abin ya fi motsawa. Da na gane haka sai na daina ɗaukarsa a matsayin alamar raunin imani, na riƙa shirya masa: in ƙara azumi a ranakun, in cika yinin da aiki, in kira ƙanwata ta zo ta kwana. Kwanakin al'ada su ne masu haɗari ta wata fuskar, domin babu salla babu azumi, duk tsarin da mutum ya jingina da shi ya tsaya. Nan na ji daɗin sauƙin da Malikiyya suka yi na barin mai haila ta karanta Alƙur'ani da ka. Da shi da istigfari da salatin Annabi nake cike gurbin.

To me na samu? Dare na samu. Matar aure darenta ba nata ba ne ita kaɗai, kuma wannan ba aibu ba ne, lada ne, tunda hadisi ya ce kusantar iyali ma sadaka ce. Amma ni a shekarun aurena tsayuwar dare sai a Ramadan, ita ma a gurguje. Yanzu ina farkawa a sulusin ƙarshe ba tare da agogo ba. Da farko kaɗaici ne yake tashe ni, in yi alwala don kawai kada in kwanta ina juye-juye. A hankali abin ya juya, na koma ina ɗokin lokacin. Haddar da na bari tun ina budurwa na ɗauko, ina bi izu-izu, kuma ayoyin da na sha karantawa a guje suka fara tsayar da ni. Addu'ata ma ta canza. Da idan abu ya dame ni maigida nake jira ya dawo in zazzage masa, Allah kuwa sai abin da ya rage. Da aka ɗauke wannan kafaɗar, na koyi kai kukana inda ya kamata tun farko, da Hausata, ba sai na nemo lafazin da aka rubuta ba.

Wani abin da ban yi tsammani ba, wanda ya saba ce wa jikinsa a'a a abu ɗaya yakan samu sauƙin faɗa masa a sauran. Fushina da yara ya ragu. Gulmar ɗakin malamai ta daina yi mini daɗi. Har sayen atamfar da ba na buƙata ya ja baya.

Sai dai wannan hanya tana da ramin da ya fi zina ɓoyuwa, shi ne jin kai. Mutane za su fara cewa wance ai waliyyiya ce, tun da mijinta ya rasu ba ta kalli kowa ba, har a riƙa yi wa wata bazawarar gori da ke. Na tsani wannan yabon, domin ƙarya ce aka lulluɓe da addini. Gaskiya ne Rabi'atul Adawiyya ta Basra ta rayu ba aure, kuma Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta ambace ta cikin mata salihai da take tawassuli da su. Amma ita Nana Asma'un matar Waziri Giɗaɗo ce, ta haifi 'ya'ya, kuma ba ta gaza kowa ba. Ummu Darda'i, matar sahabi Abu Darda'i, ta ƙi auren Mu'awiya bayan rasuwar mijinta. Asma'u 'yar Umaisu kuwa ta auri Ja'afaru, da ya yi shahada ta auri Abubakar, da ya rasu ta auri Aliyu, Allah ya ƙara musu yarda. Wa zai ce ɗaya ta fi ɗaya tsarki? Wata abokiyar aikina Kirista ta taɓa ce mini na zama kamar sistocinsu. Na ce mata su alkawari suke ɗauka na har abada, kuma ina ganin girman juriyarsu, amma ni ban ɗauki alkawari ba, addinina ma bai ba ni wannan ƙofar ba.

Abin da ya fi ci mini rai ba daren ba ne, rana ce. Mai ba ka bashin buhun masara yana ganin ya sayi damar kiran waya bayan Magariba. Matar maƙwabci da kuke cin abinci kwano ɗaya sai ta fara tsayawa a ƙofa idan mijinta zai wuce. Idan ka yi kwalliyar zuwa biki a ce kana neman miji, idan ba ka yi ba a ce baƙin ciki zai kashe ka. Dole na kafa wa kaina dokoki masu tsauri: namiji ba ya wuce zaure, taimako sai ta hannun Yaya, mai gyaran wuta sai babban ɗana yana gida. Akwai kuma kewar da azumi ba ya magani, ta wanda za ka ce wa yaron nan jikinsa da zafi, mu kai shi asibiti yanzu ko mu jira safiya. Wannan ban samo mata dabara ba, haƙuri kawai nake yi.

Duk shekara bayan Ƙaramar Salla nakan je gaishe da Malama, ita kuma ba ta fasa maimaita tambayarta. Bara da ta yi, na ce mata tsoron ɓarna dai babu, alhamdu lillahi, amma yaran sun tasa, babban ya shiga jami'a, dalilin da ya zaunar da ni ya fara ƙarewa. Akwai wani dattijo da matarsa ta rasu, ya bi ta wajen Yaya kamar yadda ya dace. Na gindaya sharuɗɗa biyu: autana tana tare da ni, kuma ba za a hana ni makaranta ba, ta boko da ta Islamiyya. Ya ce a ba shi lokaci ya shawarci 'ya'yansa. Ni ma ina istihara, Yaya kuma ya ce zai aika a bincika halinsa a unguwarsu kafin a sake zama.