Sarƙar Kabon a Cikin Kwalba: Leza, Girafait da Ruwa

Poliyin sarƙa ce ta ƙwayoyin kabon da suka jeru miƙe kamar zare, ɗauri uku da ɗauri ɗaya suna karɓa-karɓa a tsakanin ƙwayoyin, haidurojin ya toshe kowane baki. A 2002 su Tsuji a Jami'ar Kyushu ta Japan suka nuna ana samun ta idan aka harbi garin girafait, wato baƙin da ke cikin fensir, da leza a cikin ruwan sinadari irin su hekzen.

Kayan ba yawa. Leza nau'in Nd:YAG mai zangon haske na nanomita 1064 ko 532, tana harbi sau 10 a daƙiƙa. A ajiye ƙwallon girafait a gindin kwalba, a zuba ruwan ya sha kansa, a tattara hasken da gilashi ya faɗa daidai kan fuskar girafait ɗin, minti 15 zuwa awa guda. Kowane harbi na tayar da ɗan filasma, wato iskar gas mai caji da tsananin zafi, gutsattsarin kabon, musamman C2 (ƙwayoyin kabon biyu haɗe), su haɗu su yi tsawo, har haidurojin daga ruwan ya rufe bakin sarƙar.

Kada a ɗauki ruwan a matsayin mazubi kawai, da shi ake yin aikin. Ruwa zalla na ba da gajerun sarƙoƙi, kuma kaɗan. Asetonitiril ya fi yalwa, sai dai yana haifar da wasu masu naitirojin a baki, waɗanda sai an raba su da HPLC, na'urar rarrabe sinadaran da ke cikin ruwa. Asetonitiril, hekzen da metanol duk suna kama wuta, a yi hattara.

Bayan an tace da matacin maikuromita 0.2, na'urar UV, mai auna hasken da sarƙoƙin ke sha, ce alƙali: C8H2 (sarƙa mai kabon takwas da haidurojin biyu) na bayyana wajen nanomita 226, C10H2 wajen 251, C12H2 wajen 275.

Inda aka fi yin asara shi ne zarce lokaci. Ruwan ya yi baƙi, ƙurar kabon ta tare hasken kafin ya isa girafait, amfanin ya tsaya cak. Rami kuma na haƙuwa idan ana dukan wuri ɗaya, don haka a riƙa juya ƙwallon. Leza mai gajeren zango, kamar 266, tana iya wargaza sarƙar da ta ƙera, domin sarƙar na shan hasken.

Adanawa ta fi ƙerawa wuya. Da ruwan ya bushe sarƙoƙin sun taɓa juna, su manne su koma baƙin kabon. A bar su a tsarme cikin ruwansu, a rufe kwalbar da kyau, a sa a firij cikin duhu.