Na kwanta ciwo a Kwatano, ayari kuwa na jirana

Mu malaman makaranta ne a Tawa, muna da asusun da muke zubawa duk ƙarshen wata idan albashi ya faɗo. Wata shekara, tun kafin a rufe iyakar Gaya da Malanbil a 2023, muka yanke shawarar mu ɗebi wani abu daga ciki mu je mu ga teku a Kwatano, ƙasar Benin, a hutun ƙarshen Disamba. Da yawanmu muna zana wa yara tekun Atlantika a allo, amma ba mu taɓa tsayawa a bakinsa ba. Aka ɗauki shatar kar guda, aka naɗa shugaban tafiya da ma'aji, aka rubuta komai a takarda: kuɗin mai, na masauki, na abinci, na kwale-kwale zuwa Ganbiye, har da na shiga wuraren tarihi a Wida. An yi shawara sosai a kan takardar nan, amma babu inda aka rubuta abin da za a yi idan wani ya kwanta.

Hanyar doguwa ce. Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, Gaya, a ƙetare gada a shiga Malanbil, sannan Kandi, Paraku, Bohikon, kafin Kwatano. Daga Malanbil kaɗai ya fi kilomita 700. Kowa ya riƙe katin allurar shawara, wanda tun 2016 allura ɗaya ta isa mutum har ƙarshen rayuwa, sai dai ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10 da yin ta. Wannan shi ne kaɗai shirin lafiyar da muka yi a ƙungiyance. Mun baro Tawa cikin hunturu, kowa da rigar sanyi, leɓe na tsagewa. Muna gangarawa kudu iska ta yi nauyi. Zafinmu na gida yana busar da gumi nan take, na can kuwa gumin yana zaune a jikinka, riga ta manne, kana zubar da ruwa ba ka sani ba.

A Paraku muka tsaya cin abinci a bakin tasha. Na ci shinkafa da kifi, da salak ɗanye a gefe, na kora da zoɓo mai ƙanƙara. Yawancinmu abin da muka ci ke nan.

Mun sauka a wani masauki kusa da Zango, unguwar da Hausa ke tashi ta ko'ina har ka manta kana Benin. Cikin daren farko cikina ya fara murɗawa. Kafin kiran assalatu na yi ta zarya tsakanin katifa da bayi, ga amai, ga jiki ya ɗauki zafi. Abokin ɗakina dattijo ne, ya kusa ritaya, dukanmu Baba muke ce masa. Ya kunna fitilar wayarsa ya haska fuskata, ya ce, “Mushe, mi ke damunka haka?” Na faɗa masa. Ya kama fatar bayan hannuna ya ja ta ya saki, muka ga ta daɗe a tsaye kafin ta koma. Ya tambaye ni yaushe rabona da fitsari. Sai a lokacin na lura tun yamma ban yi ba.

Da gari ya waye labari ya zaga, ɗakin ya cika. A nan na ga abin da ayari ke yi wa mara lafiya, kuma duk da ƙauna ake yinsa. Kowa ya buɗe jakarsa. Wannan ya fito da farasitamol, wancan da ragowar maganin palu, wato zazzaɓin cizon sauro, da ya rage wa ɗansa, wata Madam ta ce a jiƙa mini kanwa, wani ya ce ganyen bedi ne maganinta in za a samu. Wani ƙaramin malami har ya tashi zai hau zemijan, 'yan acaɓan nan masu rawayar riga, ya je kasuwar Dantokpa ya sayo ƙwayar tsai da zawo. Baki ya zo ɗaya a kan cewa palu ce, tunda ga zazzaɓi ga amai. A wajenmu duk jikin da ya yi zafi sunansa palu.

Baba ya hana. Ya ce ba za a ba ni komai ba sai likita ya gani, in banda ruwa. Ya aiki yaron masaukin ya sayo ruwan gora rufaffe na lita ɗaya, ya zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe da gishiri rabin ƙaramin cokali, ya girgiza, ya riƙa ba ni kurɓi-kurɓi. In na amayar ya jira kamar minti goma ya sake farawa. Game da kasuwa kuwa ya tuna musu cewa a 2017 hukumomin Benin sun kai samame sashen masu sai da magani na Dantokpa suka kwashe jabun magunguna tan-tan. “Ba a sayen magani a ƙasa, balle a garin da ba ka san mai tebur ba,” in ji shi.

Sai aka zo kan maganar da ta fi nauyi. Ranar ce ta Ganbiye, garin nan da ke tsaye a kan turaku cikin tafkin Nokuwe, kuma an riga an biya masu kwale-kwale a Kalabi. Shugaban tafiya ya tsaya a bakin ƙofa da takardarsa a hannu, na ga yadda abin ya dame shi. In ya ce a fasa, mutane sun tara kuɗinsu wata da watanni. In ya ce a tafi, za a ce ya bar ɗan'uwa kwance a baƙon gari. Ni kuma daga kwance ina jin nauyin kowa a kaina, kuma wannan nauyin ne ke sa mutane da yawa su ce “da sauƙi” su lallaɓa su shiga mota alhali ba sauƙin. Kara da kunya halaye ne masu kyau, amma a irin wannan wuri suna iya kai mutum ga halaka, musamman ciwo irin zawo da ba a son faɗa a gaban mata abokan aiki. Baba ya yanke maganar. Ya ce, “Ku tai abinku. Mutum guda ya isa jinya, ni na zauna.” Ma'aji ya ce babu kason asibiti a lissafi, sai ya cire hularsa ya zagaya da ita, kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa, mai jika, mai jika biyu. Sa'armu ɗaya, sefar da muke kashewa a gida ita ce ake kashewa a can.

Mai masaukin, Bahaushe haifaffen Zango, shi ya raka mu wani ƙaramin asibiti na unguwa. Majo ɗin, wato ma'aikacin jinya, ya soki yatsana, ya ɗiga jinin a 'yar farar robar gwajin palu, ya ajiye ta a tebur ya ce mu jira kamar minti 15. Na ƙura wa robar ido. Layi ɗaya ya fito, na biyun bai fito ba. Ya ce babu palu, ƙwayar cuta ce ta shiga hanji ta abinci ko ruwa, kuma abin da ke neman kayar da ni shi ne ƙarewar ruwan jiki. Ya tambaya ko akwai jini a bayan gidan, na ce babu. Ya tambayi abin da na ci, da na ambaci ƙanƙara da salak sai ya gyaɗa kai. Ya ce matafiyi yakan kula da ruwan da zai sha ya manta ƙanƙara ma ruwa ce, kuma da ruwa aka wanke ganyen. Da Baba ya ba shi labarin ƙwayar da aka so a sayo, ya ce mai zawo da zazzaɓi, ko mai zawo da jini, ba a ba shi ƙwayar tsai da ciki, domin tana riƙe cutar a hanji. Aka ɗaura mini ƙarin ruwa tunda amai ya hana abin da nake sha ya zauna. Kafin la'asar na ji fitsari, Baba ya ce alhamdu lillahi da ƙarfi har majo ya yi murmushi. Ya rubuta mana takardar magani, muka saya a farmasi, tare da ƙullin gishirin zawo da ake narkarwa a lita ɗaya a zubar da ragowar bayan awa 24.

Da na sha ragowar maganin palu ɗin nan da aka miƙo da safe, da an zauna ana jiran ya yi aiki, ruwan jikina na ci gaba da tsiyayewa. Gwajin da ya raba gardama bai kai kuɗin abincin da na ci a Paraku nauyi a aljihu ba.

Ban ga Ganbiye ba, ban kuma ga ƙofar nan ta bakin teku a Wida da aka gina a 1995 don tunawa da bayin da aka kwashe ta nan ba. Na gan su a wayoyin 'yan'uwa da dare, suna zaune a gefen katifata suna ta ba ni labari. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Baba ma bai gan su ba, shi da ya ce mini tun yana ɗan lakwal yake son ganin teku, kuma ko sau ɗaya bai nuna mini a fuska ba. Yana dama mini kunu, yana kawo mini shinkafa fara da ayaba, yana tuna mini cewa mara lafiya matafiyi yana da sauƙi a salla, in yi ta a zaune in haɗa. Ana gobe za mu juyo ya ɗauko tasi ya kai ni bakin ruwa a Fijirose, muka zauna a kan yashi har magariba.

Komawa ita ce ta fi ba ni tsoro, domin zawo da doguwar mota ba sa shiri. Shugaban tafiya ya yi magana da direba a gaban kowa, ya ce duk wanda ya ce a tsaya a tsaya, ba tambaya. Aka ba ni kujerar bakin ƙofa, da gorar ruwan gishirina a ƙafa. Faɗar da ya yi a fili ta sauke kunyar daga kan kowa. Kafin Kandi mutum biyu suka nemi a tsaya, ashe su ma cikinsu ya ɓaci tun a Kwatano suna ta dannewa.

Bayan mun koma aiki, wata Madam cikin 'yan tafiyar ta fara zazzaɓi da ciwon kai. Watan Janairu ne, sanyi ya kankama, sauro ya yi ƙaranci a Tawa, mutanen gidanta suka ce mura ce. Palu a wajenmu ta damina ce da kaka. A kudancin Benin kuwa damina biyu ake yi a shekara, ga tafki ga fadama, sauro ba ya ɗaukewa. Kuma cutar ba ta nuna kanta ranar da aka cije ka, takan ɗauki kwana 10 zuwa 15. Da ta je likita ta faɗa musu daga bakin teku ta dawo, suka gwada, layi biyu suka fito. Ta sha maganinta na kwana uku, safe da dare, ta miƙe. A masaukin nan na Zango babu gidan sauro, kuma cikinmu ba wanda ya zo da nasa, alhali kowa yana da shi a ninke a gida.

A taron asusu na gaba Baba ya nemi a sake rubuta takardar tafiya. Yanzu akwai kason jinya da ake warewa tun kafin a biya mota, kuma ba a taɓa shi sai an dawo. Ana zaɓen mai jinya namiji da mace tun a gida, a kuma yafe musu wani abu daga kuɗin tafiya. Kowa yana rubuta ciwon da yake fama da shi, hawan jini ko sukari, da lambar wani nasa, ya ba shugaban tafiya a rufe. A jakar ma'aji akwai ƙullin gishirin zawo da sabulu da ma'aunin zafi, kowa kuma da gidan sauronsa. An kuma bar yini guda babu komai a cikinsa, don wanda ya kwanta ya samu ya huta kafin a kama hanya. A kan wannan yinin aka fi ja, saboda kuɗin masauki ne ya ƙaru, amma da aka ɗaga hannu ya wuce.